Cukun Tanna da Rufin Magaza

Tanna 'yar Takanamat ce, aure ya kawo ta Tawa. A hannun kakarta ta koyi yin cuku: a sa wa madara abin kamu ta daskare, a shimfiɗa ta fale-fale a kan asabari, a bar wa rana sauran aikin. Ba ta taɓa zaton zai zame mata sana'a ba, sai da mijinta Yunusu ya tafi Libiya neman aiki. Shekara biyu yana aike, ta uku wayarsa ta daina shiga. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya, cikin gidan yayansa.

Madam Lailatu, tsohuwar malamar lakkwal, wato makarantar boko, ita ta jawo ta cikin ƙungiyar da ke koya wa mata tsayawa da ƙafarsu. 'Yan kasuwan gari ne ke riƙe da ƙungiyar, kowa da abin da ya iya. Mai sayar da kayan gini ya ba da ragar waya aka yi mashanyar da ƙuda ba ya shiga. Wani mai mota yana kawo madara daga ruga kowace safiya, kyauta. Babbansu kuwa Alhaji Attahir, mai kanti uku, ya yi alkawarin duk cukun da suka yi shi zai saye, ya aika har Yamai. Cikin damina biyu Tanna ta zama uwar aiki, mata talatin na kallon hannunta.

Wata Alhamis a tsakiyar damina, amalanken jaki ya tsaya a ƙofar ƙungiya da kwalayen da suka kai makon jiya. Muktari ne ya rako su, ɗan ƙanwar Alhaji, mai tsaron magazar da ake ajiye kaya.

"Alhaji ya ce a maido muku," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ya ce sunanshi ya hi ƙarhin wanga abu. Daga yau ya janye hannu."

Tanna ta buɗe kwali ɗaya. Funfuna ta rufe cukun, kore da baƙi. Wata cikin matan daga baya ta ce dama ta faɗa, gaggawa ake yi wajen shanya. Tanna ba ta juya ba. Ita ta taɓa kowane fai da hannunta kafin a rufe, ta san ya bushe ƙayau. Ta kifa kwalin. Gindinsa ya jiƙe ya saki, da tabon ruwa mai launin tsatsa. Ta duba sauran: wasu gindinsu a bushe, cukun ciki kuma lafiya lau.

Washegari ta je magazar, ta ce tsofaffin kwalaye take so. Tana shiga ta ɗaga kai. Haske na leƙowa ta huji biyar a jikin kwanon rufi, bango kuma da zanen inda ruwa ya saba bi.

Muktari ya ga inda take kallo. "Inna Tanna, ki ruha mini asiri. Sau biyu na hwaɗa mishi tun bazara, ya ce in bari sai ya dawo daga Yamai, ya mance. In kinka tada zancen cikin mutane, ni za ya kora don ya wanke kanshi. Ina da iyali."

Ta fito ta koma ƙungiya da labarin. Madam Lailatu ta ce a rubuta wa Alhaji takarda. Tanna ta ce takarda ba ta san kunyar babban mutum ba. Kwana biyu tana fita tsakar gida tana duban gabas ko hadari zai taso. Mai mota ya aiko yana tambaya ko ya ci gaba da kawo madara. Mata uku suka daina zuwa.

Ran Litinin bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ta yafa mayafi ta nufi babban kanti. Alhaji na zaune a kan tabarma da abokansa. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe su.

"In zancen cuku ne, na gama shi," ya ce.

"Ba roƙo ya kawo ni ba, Alhaji. Kaya na bari cikin magaza, kuma ba ni son a taɓa su sai gaban idonka. Kai kaɗai."

Ya daɗe yana dubanta. Ɗaya daga abokan ya yi 'yar dariya. Daga bisani Alhaji ya jawo takalmansa.

Suna isa iska ta taso. Muktari ya buɗe ƙofa ya ja gefe. Alhaji ya tambayi ina kayan, ta ce ya yi mata haƙuri kaɗan. Suka tsaya, tana addu'a a ranta kada hadarin ya wuce can garin Kalfu ya bar ta da kunya. Sai ruwa ya sauko. Ɗigo na farko ya faɗa kan buhun shinkafa, na biyu a kafaɗar rigar Alhaji. Kafin a jima ruwa na bin bango, yana taruwa daidai inda aka saba jera kwalayen ƙungiya.

Alhaji ya dubi rufin, ya dubi Muktari. Ya fita cikin ruwan ya tafi.

Kwana takwas babu labari. A na tara amalanke ya zo ɗaukar cuku, rabin abin da aka saba. Haƙuri dai Alhaji bai taɓa bayarwa ba, amma an sake kwanon magaza, Muktari kuma yana nan a bakin aikinsa.

Rabin da ya rage, Tanna ta ɗora a kai ta bi tasha da gidajen abinci, har ta samo masu saye huɗu. Bana ta tayar da ɗaki biyu a filin da ta saya a bayan gari. Duk sabuwar da ta shigo ƙungiya, kafin ta koya mata kama madara, sai ta kai ta ta ga inda kaya za su kwana.