Hoton Inna Zuwa Gabon

Yayana ya tafi Gabon neman na kansa tun ban gama firamare ba. Ba ma'abocin wasiƙa ba ne, kuma ko ya rubuta Inna ba ta karanta boko, saboda haka kaset yake aikowa. Wani alhaji ɗan garinmu da ke fatauci tsakanin can da Kwatano shi ke kawo mana. Ranar da kaset ya iso garinmu Malanville, Inna kan gama aikinta da wuri, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a sa a rediyo mu kewaye shi. Yayana zai gaida kowa da kowa, har akuyar da aka daɗe da yankawa, sannan ya shiga ƙorafin tsadar abinci a ƙasar mutane.

A wani kaset, bayan ya gama gaishe-gaishensa, sai ya yi shiru har muka zaci batir ne ya mutu. Can ya ce, "Inna, don Allah a aiko min hotonki. Wallahi in na ruhe ido ina biɗar huskarki, ba ta tahowa duka."

Inna ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Ta ce bari ta duba tukunya. Babu komai a kan murhu, duk mun sani.

Inna ba ta da hoto ko guda, kuma da gangan ne. Masu hoton garinmu a wancan lokaci in sun ɗauki mata a wurin biki ko suna, fim ɗin sai a ba direban mota ya kai Paraku a wanko. In hotuna sun dawo, sai a jera su a kan allo a ƙofar shago, bakin hanyar kasuwa, wadda aka ɗauka ta zo ta gane nata ta karɓa. Wadda ba ta zo ba, nata ya yi ta shan rana. Akwai maƙwabciyarmu da hotonta ya kwana ya wuni a allon nan, tana dariya baki buɗe ɗankwali ya zame, 'yan kabu-kabu da masu dakon albasa suna tsayawa suna kallo suna ba ta maki. Da labari ya kai gidan mijinta, sai da manya suka sa baki. Tun daga ranar Inna ta yi rantsuwa ba namijin waje da zai riƙe fuskarta a hannu. Mun roƙe ta, babanmu ma ya ce ya yarda, ta ƙi ƙememe. Sai dai na lura bayan kaset ɗin nan ta rage cin abinci, kuma ta daina cewa a sake sa mata shi.

Ana cikin haka gidan matasa ya sanar da koyar da 'yan mata da samari sana'ar hoto. Ni lokacin na bar makaranta, ina gida ina taya tsintar ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin mai kyau, aikin da na tsana har yau. Aji biyu ne, sai mutum ya zaɓi ɗaya. Na farko na sabuwar na'ura ce, nimerik, wadda kake ɗauka ka ga hoton nan take a bayanta. Wani saurayi mai fara'a daga Paraku ke koyarwa. Na biyu na tsohon yayi ne, na fim da ɗakin duhu da ruwan magani, fari da baƙi kawai, a hannun wani dattijo da ya tsufa yana yi wa mutane hoton katin shaida. Kowa Baba yake ce masa.

Ba na ɓoyewa, zuciyata tana wurin nimerik. Ƙawayena duk can suka nufa. Ɗaya ta ce mini in na shiga ɗakin tsohon nan zan fito ina warin magani kamar mai jinya, ba mai aurena. Na je na ga na'urar, na riƙe ta, sumul, ba nauyi. Saurayin ya ɗauke ni ya juyo mini da bayanta, ga ni nan da katon goshina. Daɗi ya kama ni. Sai na tambaye shi abin da ya kawo ni: in na ɗauki mace a cikin gida, ta yaya hoton zai hau takarda?

Allah ya saka masa, bai yaudare ni don ya cika ajinsa ba. Ya ce sai an zuba shi a odinater, wato kwamfuta, na shagon da ke da injin bugawa, kuma samari ne ke aikin, za su buɗe su gani, wani lokaci ma ya zauna a cikin injinsu. Ya ce nan gaba kowa zai iya bugawa da kansa, amma yanzu a garin nan babu.

Na fito raina a ɓace, ina jin haushinsa, ina jin haushin Inna da taurin kanta, ina jin haushin yayana da ya tafi ya bar mu da wannan rigima. A haka na isa shagon Baba, fuska ba annuri. Yana zaune yana goge gilashin wata tsohuwar kyamara da bakin rigarsa.

Ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Baba, in na koya wurinka, ina iya ɗaukar hoto in wanke in hiddo shi, ba wanda ya gani sai ni?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Fofo, sannu ɗiyata. Ke haka kike gaida mutane gidanku?" Na ji kunya na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ya ce, "Kina iyawa. Amma ba yau ba, ba gobe ba. Sai kin ɓata min takarda da yawa."

Mu uku muka shiga ajinsa, ni kaɗai ce mace. Ɗakin duhun yana cikin gidansa, bayan shago. Babanmu da ya ji sunan ɗakin sai da ya ajiye cokali. Baba kuwa ya riga shi tunani: duk ranar darasi matarsa kan ɗauko kujerarta ta zauna a kusurwa, tana ɓarar gyaɗa a cikin duhu, tana ba mu labarin wanda ya saki wa a unguwa.

Na sha wuya a ɗakin nan. Zafin Malanville a waje ma ya ishi mutum, balle an toshe kowace kafa da tsumma. Kwalaben magani sai an tsoma su a randa sun huce, in ba haka ba hoto ya fito kamar an yayyafa masa gero. Naɗa fim a cikin duhu ƙirin da lalube ya sa na yi kuka ba sau ɗaya ba. Baba ba ya da agogo a ɗakin, da salati yake auna lokaci, ni kuma salatina na mai sauri ne, sai takarda ta fito fara fat. Ya ce, "Ke ko Allah kike ma gaggawa?" Ƙawayena kuwa tuni suna yawo gidajen biki suna nuna wa mutane fuskokinsu a bayan na'ura. In mun haɗu sai su shinshina mayafina su yi dariya. Na ɗauki hoton jakuna a kan gadar Gaya ta bakin iyaka, na ɗauki buhunan albasa, na ɗauki matar Baba har ta gaji da ni, kafin Baba ya ɗaga wata takarda wata rana ya ce, to, wannan mutum ne.

Ranar na koma gida na zauna gaban Inna na zayyana mata komai. Ni zan ɗauka, a tsakar gidanta. Ni zan wanke. Ba Paraku, ba allo.

Ta ce, "Tsohon hwa? Ba shi duba aikin ɗalibbainai?"

Wannan ban yi tunaninsa ba, don Baba ba ya barin takarda ta fita bai ɗaga ta ga haske ba. Na koma na gaya masa, ina shirin ya ji haushi. Ya shafa gemu. Ya ce, "Ki ce mata ta taho da kanta ta tsare ƙohwa. Ni waje za ni zamna."

Inna ta ci ado ranar ɗauka kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ta fito da atamfarta mai ja da ruwan ɗorawa, ta daɗe tana zaɓar ɗankwalin da ya dace da ita. Ban iya gaya mata kala ba za ta fito ba. Ta zauna a kujera ƙarƙashin darbejiya ta ƙame kamar an kira ta gaban jandarma. Na ce ta saki fuska, ta ce in yi abin da ya kawo ni. Sai da kaza ta tsallake ta kan ƙafarta ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta tuna, ta kusa dariya, sannan na danna.

Washegari da hantsi muka shiga gidan Baba ta ƙofar mata. Fim na riga na wanke shi ya bushe, yana ƙulle a bakin zanen Inna. Muka shiga ɗakin ni da ita, ta sa sakata da hannunta. Baba ya jawo benci ya zauna a waje jikin ƙofa. Na kunna jar fitila, na haska takarda, na tsoma ta a farantin magani na farko ina girgizawa. Inna ta matso kusa da ni.

Ta bayan ƙofa Baba ya ce, "Mi kike gani?"

"Ba komi, Baba."

"Ki yi salati, irin nawa ba irin naki ba."

Sai ɗankwali ya fara fitowa, sannan girare. Na ji numfashin Inna a kafaɗata.

"Idanu sun hito?"

"Sun hito."

"Baƙin ido ya yi baƙi ƙwarai, ko toka-toka?"

"Toka-toka."

"Kak ki taɓa. Jira. Yanzu hwa?"

"Ya yi baƙi."

"Hidda! Sa shi na biyu."

Haka ya bi ni har na ɗauraye na rataye. Mutumin da duk rayuwarsa da ido yake ci, ya zauna yana kallon katangar gidansa, yana koyar da ni da kunne. Da muka fito da hoton a cikin ambulan, bai ko kalli hannuna ba. Ya gaida Inna kansa a ƙasa, ya tambaye ta mutanen gida. Ban taɓa iya gode masa yadda ya kamata ba. In na fara sai ya ce in je in wanke faranti.

Inna kuwa a cikin ɗakin ba ta ce komai game da kalar atamfa ba. Ta daɗe tana duban takardar a jar fitila, sannan ta ce a hankali, "Ashe haka na koma." Ta liƙe ambulan da kanta, ta ba alhajin nan hannu da hannu, ta sa shi ya yi alkawari ba zai buɗe ba.

Nimerik na koye ta daga baya, a wurin saurayin nan mai gaskiya, kuma da ita nake ci har yau. Ɗakin Baba tuni ya zama wurin ajiye buhuna. Amma shekarun da na fara aiki, gidajen da ba namijin da ke shiga da kyamara ni nake shiga, kuma a hannun Baba na samu wannan.

Mun yi ta jiran kaset daga Gabon, bai zo ba. Inna ta fara cewa ko hoton bai yi masa kyau ba, ni kuma na fara zargin alhaji. Ana saura kwanaki Babbar Salla, da la'asar, muka ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da muryar da muka saba ji daga rediyo. Yayana ya shigo da jaka ɗaya, ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gemu. Ya durƙusa gaban Inna ya kasa gaisuwa, shi da ke gaida akuya.

Tun kafin magariba ya same ni a bakin rijiya. Ya ce shekara da shekaru yana ce wa kansa baɗi zai dawo, don a ransa Inna tana nan yadda ya bar ta, mai ɗaukar buhun gero ita kaɗai. Ya ce, "Da na buɗe ambulan na ga wuyanta da hannuwanta, ranar na hwara saida kayan shago."

Inna ta ƙwala masa kira daga madafa, wai ya zo ya sauke mata tukunya, ta yi mata nauyi. Ya tashi da sauri ya tafi.