Taƙaita mini a vokal

A teburin mai shayi a unguwar Lamordé, wani mai furfura yana zaune da kaske na sauraro a kunne. Nassirou ake kiransa. Ya kara wayarsa portabul a baki, yana naɗar bayani kan ɓarayin intanet, babura na katse shi. Yatsunsa na ta ƙwanƙwasa tebur kamar mai buga rubutu. Da gani marubucin bulog ne da masu karatu suka watse masa, ya koma shirin murya na podkas ba da son ransa ba.

Wani ɗan taksi ya leƙo. "Malam, shirin nan naka ya cika tsawo. Taƙaita mini a vokal mana, ɗan gajeren saƙon murya."

Nassirou ya ajiye portabul. Jiya rubutunsa ne ya yi musu yawa, yau har bakinsa.