Ƙyauren Gidan Mama Keturah

In ka gangara Jimeta ta wajen bakin Binuwai, ka ce wa mai keke ya kai ka gidan Mama Keturah, ba zai tambaye ka sunan layi ba. Zai sauke ka gaban wani gida mai sabon kwano, inda sai ka taka wani faffaɗan ƙarfe shuɗi da aka kwantar a kan kwata kafin ka shiga. To, in za ka taka, ka ɗan dube shi, domin labarin ƙarfen nan da na matar gidan a haɗe suke.

Daga wajen Ganye Keturah ta zo tana amarya, ta biyo mijinta Hosea da ya samu aikin direba a Jimeta. Zaman bai yi tsawo ba. Hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar Numan, mai gidan haya ya ce yana son ɗakinsa, ita kuwa ta ɗaure 'yan kayanta a zane ta nufi gidan wani ɗan'uwan mijin a cikin Yola. Da rana tsaka ta isa. Ta buga ƙyaure, tana jin motsin mutane a ciki, har da ƙarar cokali a kwano, amma ba wanda ya buɗe. Ta buga har hannunta ya yi zafi, sannan ta juya. Ba ta cika ba da labarin nan ba, in ma ta ba da shi da dariya take rufewa, ta ce, "Tun ranar nan ni da ƙyaure ba mu shiri."

Ta kwana a barandar coci, ta kwana a tasha. Da kunu da waina ta tashi kanta, har ta samu ɗan fili a gangare, inda masu hali ba sa so saboda ruwa yakan leƙo. Ta yi ɗakunan ƙasa, ta kewaye da zana, mashigar kuwa ta bar ta da asabari kawai, iska na kaɗa shi. Wata mata da aka sallama daga asibiti ba mai ɗaukarta ce ta fara kwana a gidan. Sai wani ɗan dako da bayansa ya gaza. Sai waɗanda rikici ya koro daga arewacin jihar. Keturah ba ta taɓa kafa allo ba, amma gari ya san akwai gidan da wanda ba shi da wurin kwana zai ɗaga asabari ya shiga, ba a tambaye shi daga ina ba.

Cikin duk waɗanda suka ci tuwon gidan, babu wanda ya ba ta wahala irin Bappayo. Tsohon makiyayi ne, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa. An ce shanunsa cuta ta kwashe rabi, ɓarayi suka kore sauran, iyali suka watse, ya tsinci kansa a Jimeta ba ko akuya. Amma kunyar Fulani ba ta bi shanun ta tafi ba. Bappayo bai taɓa cewa yana jin yunwa ba, bai taɓa cewa a nan yake kwana ba. Kullum bayan la'asar zai tsaya a bakin asabari ya yi sallama ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada ya tashi jariri, Keturah kuma, wadda yake kira Dada, wato uwa da Fulatanci, ta ji daga madafa.

"Bappayo, yau ma wucewa kake?"

"Wucewa nake, Dada. Na ce bari in duba ko darbejiyar nan tana nan."

"Yana nan. Ba ya zuwa ko'ina, kamar kai."

Sai ta zuba tuwo a wata farar langa mai jan baki, ta kai gindin darbejiya ta ajiye, ta ce da ƙarfi, "An bar abinci a can, kaji za su ɓata," ta juya baya ta kama wanke-wanke. Ba ta waiwaya sai ta ji ya ajiye murfi. Da azumi takan dama masa kunun tsamiya, ita da ba ta azumin, shi kuma ranar Lahadi yakan zauna a mashiga da sandarsa har ta dawo daga coci, wai inuwa yake sha. Shekaru aka yi ana wannan wucewar.

Sai damunar 2022. Ruwan Binuwai bai zo da gudu ba, a hankali ya riƙa hawowa kamar baƙon da ba ya jin kunya. Yau yana bakin gonaki, gobe yana kwata, jibi yana ƙarƙashin gado. Ranar da katangar ɗakin mata ta zauna, masunta suka zo da kwalekwale suka kwashe mutanen gidan zuwa wata makarantar firamare a tudu, inda aka tara waɗanda ruwa ya kora. Keturah ce ta shiga ƙarshe, tana rungume da tukunyarta.

A makarantar, abinci layi ake bi, kowa da kwano a hannu. Keturah ta karɓo wa Bappayo a langarsa, ta rasa inda za ta ajiye ta juya baya, don ko'ina mutane ne. Ya karɓa, ya riƙe, bai buɗe ba. Washegari ya ɗauki sandarsa.

"Ina za ka, tsohon nan? Gari duk ruwa."

"Akwai wani da zan gani wajen kasuwar shanu. In gida ya bushe zan biyo."

"Ka dai dawo mini da langana."

"Dada, na ci shanun mutane ne da zan ci langarki?"

Suka yi dariya, ya tafi da langar a hammata.

Da ruwa ya janye, abin da ya rage a gidan darbejiya ce da tarin laka mai wari. Keturah ta tsaya a tsakiyar filin. A nan ne fa mutanen Jimeta suka nuna halinsu. Liman ya yi magana a masallacin unguwa, fasto ya yi a coci, aka kira gayya. Matan zumunta suka kwashe laka da tasoshi suna waƙa. Masu keke suka riƙa jido yashi tsakanin fasinja da fasinja. Manoman Damare, waɗanda ruwan ya cinye musu rabin masara, suka aiko da buhuna daga rabin da ya rage. Wani malamin jami'a daga Girei ya zo da farar riga, ya koma da ita ja. Maƙwabciya Sakinatu, wadda nata ɗakin ma ya tsage, ita ta riƙe girkin ma'aikata. Ɗakunan ƙasa suka koma na bulo, da kwano mai ƙyalli.

Ana cikin haka sai ga Theophilus, mai shagon kayan gini a babbar kasuwa, da mota da mai walda. Mutum ne mai babbar murya da babbar zuciya, mahaifinsa ya taɓa kwana a gidan a wata shekara da gobara ta ci shagonsu, bai kuwa manta ba. Aka sauke ƙyauren ƙarfe, shuɗi, mai kauri, irin na gidajen manya.

Keturah ta shafa shi, ta ce, "Oga Tiyo, wannan gida bai saba da ƙyaure ba."

"Abeg, Mama. Yanzu kina da katifa, kina da masara. Ɓarawo ba ya jin tausayi. Wannan get ko giwa ba zai karya ba."

Jama'a suka yi tafi, mata suka yi guɗa. Me za ta ce? Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle a gaban mutanen da suka yi mata wannan ɗawainiya. Ta yi godiya, a ranta ta ce za ta riƙa barinsa a buɗe. Ta ma samo dutse ta tokare shi.

To amma ruwan ya bar mata tsaraba. Zazzaɓi ya kwantar da ita, irin wanda yake sa mutum bai san safe da yamma ba. Sakinatu ta karɓi gidan, kuma da ta ga awakin unguwa sun gano buhunan masara, sai ta ture dutsen. Da zarar an yi la'asar ta ja ƙyaure ta sa sakata. Wanda ya zo ya buga, ta buɗe masa da fara'a. Tsoffin 'yan gida suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya buga ya shiga. Duk sa'ad da Keturah ta farfaɗo takan tambaya, "Bappayo ya zo?" Sakinatu ta ce, "Bai zo ba tukuna, Mama, sha maganinki."

Ranar da ta fara fita tsakar gida, tana dafa bango, ta ga ƙyaure a rufe tun rana ba ta faɗi ba. Ta tsaya tana kallonsa. Ta sa aka buɗe, aka kira mata Silas, mai keken da ke kai ta kasuwa, magidanci ne da ya san kowane lungu na Jimeta.

"Silas, ka ga tsohon nan nawa a gari?"

"Bappayo? Ai ya dawo, Mama. Ba yana nan ba?"

"A ina ka gan shi?"

"A nan, bakin get. Na gan shi ba sau ɗaya ba, bayan la'asar, yana tsaye da sanda, da wani farin kwano a hannu. Bakinsa yana motsi. Na ɗauka jira yake a buɗe masa, na wuce da fasinja."

Sakinatu ta dafe ƙirji. "Wallahi bai buga ba. Da ya buga da na ji."

"Ba zai buga ba," in ji Keturah. "Sallama ya yi."

Sakinatu ba ta gane ba a take, amma Keturah ta riga ta gani kamar tana wurin. Sallamar da ke ratsa asabari ba ta ratsa ƙarfe. Mai wucewa kuma ba ya dukan ƙyaure, don wanda ya buga ya faɗa wa unguwa duka cewa yana da buƙata. Bappayo ya tsaya, ya yi sallamarsa ƙasa-ƙasa, ya jira, ya koma.

Ta ɗaura ɗankwali ta shiga keken Silas, jiri na ɗibarta. Suka bi tasha, suka bi gindin gada, suka tsallaka har Damare suka dawo. A wani ƙaramin masallaci kusa da kasuwar shanu ladan ya gane kwatancen. Ya ce tsohon a barandarsu yake kwana tun lokacin ruwa, tari ya kama shi, in aka ba shi abinci sai ya ce ya ƙoshi, yana da gidan da yake ci. Ranar Juma'ar da ta wuce aka same shi a jingine da bango bayan azahar, rai ya yi halinsa. Su suka yi masa sutura. Ladan ya shiga ciki ya fito da sanda, da farar langa mai jan baki, an wanke ta tas da yashi.

"Ya ce ta wata dattijuwa ce a gangare, zai mayar."

Keturah ta karɓa. Ba ta yi kuka a gaban maza ba. Ta nemi a nuna mata kabarin daga nesa, ta tsaya bakin maƙabarta ta yi tata addu'ar, Silas ya cire hularsa.

Daga nan kasuwa ta ce a kai ta. Theophilus yana cikin ciniki, ya gan ta ya taso da murna, "Mama, jiki ya yi sauƙi?" Ta zauna a benci, ta ɗora langar a cinya, ta ba shi labarin ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Oga Tiyo, kyautarka yana da kyau, Allah ya gani. Kai ba ka yi laifi ba, Sakinatu ba ya yi laifi ba. Ni ce na san halin gidan, na ji kunyar faɗa. Amma ka zo ka cire."

Theophilus ya daɗe yana kallon langar. Sannan ya ce wa masu saye su dawo gobe, ya rufe shago.

Shi da kansa ya riƙe ƙyauren, mai walda yana yankewa. Da aka sauke, aka rasa inda za a kai shi. Sai Sakinatu, idonta jajir, ta nuna kwatar da ruwan ya zaizaye a gaban gida, wadda tsofaffi ke shan wuyar tsallakawa. Aka kwantar da shi a kai, aka danne gefe da siminti. Mutanen Damare suka aiko da sabon asabari. Masara kuwa aka shigar da ita ɗaki, awaki suka ci gaba da leƙe.

Mama Keturah tana nan, ta ɗan rame, kunnenta ɗaya ya yi nauyi, shi ya sa ta matso da murhunta kusa da mashiga. Gidan a cike yake. Sandar tana jingine a jikin darbejiya. Langar kuma ba ta ajiye ta don tarihi ba, tana aiki, domin kwanan nan akwai wani dattijo mai gyaran takalmi da ya fara biyowa bayan la'asar, wai hanyar ce ta fi masa kusa. Da ta ji ƙarfen nan ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafa, sai ta zuba tuwo, ta kai gindin bishiya, ta juya baya.