Ni Na Kai Gwiwar Ɗana Wurin Maɗori

Ni ɗan kabu-kabu ne tsakanin Sabon Birni da Kurawa, da damina in noma gero. Karatuna bai wuce aji huɗu ba. Abin da za ni faɗa nan laifina ne, ba na kowa ba.

Yaron ɗan farina ne. Wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, balle shi taɓa jikinshi. Ƙanena ya ɗauke shi tun shina ƙarami ya kai shi Sakkwato, inda yake gadi kusa da wani filin wasan tanis. Can yaron ya koyi wasan. Da ya gama sakandare wata kwaleji ta ɗauke shi don wasan nan, ta ba shi karatu da ɗakin kwana, muddin shina buga masu. Ni ban taɓa ganin wasan ba. In abokan aiki sun tambaye ni a tasha, sai in ce ƙwallo ce kamar lemun tsami, ana korar ta da faifai mai raga. Su yi ta dariya suna ce min uban Bature.

A shekara ta biyu shi ne na ɗaya cikin 'yan wasan makarantar. A ta uku, wurin wata gasa, ya juya, ƙafa ta ƙi juyawa da shi. Ya ce ya ji ƙara cikin gwiwa kamar an karya kara. Likita ya ɗauki hoto, ya ce jijiya ce ta tsinke, sai an yi tiyata. Anka ba shi rana bayan wata guda. Ya zo gida jira, da sanduna biyu a hammata.

Kalmar tiyata ce ta tsaya min a wuya. Wani maƙwabcinmu an shiga da shi ɗakin tiyata da ƙafa biyu, ya fito da guda. Ga hanyar Sakkwato lokacin, yau a bi, gobe mutanen daji su tare. Ga kuma wani maɗori wajen Burkusuma da ya ɗora min hannu sa'ad da na faɗi da babur, na warke sarai. Gadon gidansu ne, har daga Nijar ake zuwa wurinshi.

"Baba, ba ƙashi ba ne," yaron ya ce, kanshi a ƙasa. "Likita ya ce ƙashin lafiya lau yake."

Na ce, "Likitan ne ya haife ka?"

Na sa ya hau bayan babur, ƙafar a miƙe, munka tafi.

Maɗorin ya latsa gwiwar, ya tofa addu'a. Ya ce, "Gocewa ta yi. Ɗiyan boko, komi sai wuƙa." Ƙarti biyu sunka danne yaron, shi kuwa ya ja ƙafar iyakar ƙarfinshi. Sannan ya sa anka kamo zakara, ya karya mashi ƙafa ya ɗaure, kamar yadda sunka gada. Ya jera ma yaron karare tun daga cinya har ƙwauri, ya naɗe da tsumma tamau.

"Kwana arba'in kada shi lanƙwasa ta. Ranar da zakaran ga ya taka, shi ma za shi taka."

Zakara ya taka a kwana na ashirin. Ranar arba'in anka kwance yaron. Ƙafa ta rame kamar taɓarya, gwiwa ta sandare, ko kaɗan ba ta lanƙwasuwa. Ranar tiyata kuwa ta wuce tuni. Ba ya iya sujada. Ba ya iya tsugunno a bayan gida, sai da na huda mashi gindin tsohon turmi ya riƙa zama a kai.

Kocinsu ya kira wayata ina tsakiyar kasuwa.

"Kai ne mahaifinshi? Malam, ka san abin da ka yi kuwa?"

Na ce na sani.

Ya ce makaranta za ta jira shi wata takwas, zuwa sabon zango. Ranar za a gwada 'yan wasa. In bai iya tsayawa fili ba, gurbinshi da ɗakinshi da karatunshi sai a ba wani.

Na kai shi Sakkwato da kaina. Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta kai ƙanwata ta uku ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai tambaya wa ya sa anka ɗaure, na ce ni ne. Anka yi tiyatar. Da za a sallame mu ta kira ni gefen gado.

"Baba, wuƙa ta gama nata. Yanzu sai an riƙa lanƙwasa gwiwar nan safe da yamma, kuma ba mai gashin ƙashi kusa da ku. Wa zai yi?"

Na duba hagu da dama, ba kowa sai ni. Ta nuna min. A kwantar da shi rub da ciki, a kama idon sawu, a tura diddige wajen ɗuwawu har ya yi ƙara, sannan a riƙe a ƙirga talatin.

Ta ce, "Kada tausayi ya kama ka. Tausayi ne zai gurgunta shi."

Shekararshi ashirin da biyu, rabona da taɓa jikinshi da hannuna tun ranar suna, shi ma don an miƙo min shi ne. Safiyar farko na kama ƙafar nan, na tura. Ya ciji matashi har audugar ta fito. Uwarshi ta ɗauki mayafi ta shige maƙwabta, kuma haka ta riƙa yi kullum in ta ga na shimfiɗa tabarma jikin bango. Ina yin zane da gawayi a bangon, daidai inda diddigen ya tsaya. Wani lokacin mako biyu zanen bai gusa ba. In dube shi, in dubi kwanakin da sunka rage, abinci ya ƙi shiga.

Wata safiya ina turawa ya juyo da fuska, idanu jajur.

"Sake ni. Kai ka ɗaure ta, yanzu kuma kai ne mai kwancewa?"

Bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Ban sake shi ba. Na ƙirga talatin ɗina har ƙarshe. Sannan na hau babur na fita, na tsaya gindin wata aduwa a hanyar Kurawa. Har azahar ban ɗauki kowa ba. Da yamma na shimfiɗa tabarma, ya zo ya kwanta da kanshi.

A wata na biyar ya aje sanduna, ya fara tuƙa keke cikin unguwa. A na shida munka samu wani faƙo bayan makarantar firamare, don ba a nisa da gari yanzu. Na kafa turke biyu na ɗaura igiyar shanya. Ƙwallo shida gare shi, duk gashinsu ya ƙare. In jefa, shi buga, in bi in tsinto. Masu wucewa da jakuna suna cewa uban Bature ya zama yaron Bature. Ni dai idona na kan ƙafar, don duk sa'ad da za shi juya hagu sai na ga ya ɗan tsaya, kamar mai jin tsoron taka ƙaya.

Ranar gwaji na bi shi Sakkwato. Shi ne ganina na farko da filin. Anka haɗa shi da wani ɗan shekara sha tara wanda a da ɗana ke koya mashi. Ban gane ƙidayarsu ba, ban kuma nemi a gaya min ba. Sau ɗaya ɗana ya bi ƙwallo gefen hagu ya zame ya faɗi. Fili ya yi tsit. Na miƙe tsaye. Ya dafa ƙasa, ya tashi, ya buga ƙafar sau biyu, ya ce a ci gaba. Anka cinye shi, cin da ko ni na gane.

Koci ya same ni inda nake zaune.

"Na ɗaya ya wuce shi, wataƙila har abada. Amma ina da gurbi a wasan bibbiyu, inda mutum ke tsaron rabin fili. Ɗakinshi na nan, karatunshi na nan."

Na yi godiya.

Yaron ya raka ni tasha, shina ɗan jan ƙafar. Da za ni shiga mota ya ce, "Baba, likita ta ce saura yatsa uku diddigen ya taɓa. In na zo hutu sai mu ci gaba."

Na ce to.

Hutu uku ke nan muna yi. Saura yatsa biyu, kuma sun ƙi.