Likkafanin da Ya Koma Kaftani

Ni a sanina nonon namiji ado ne kawai, ba shi da aikin yi. Sai ga nawa na hagu ya sami aiki bayan na tsufa. Wani ƙulli ne ya fito, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na ƙare ƙuruciyata ina lalubar hantsar awaki a kasuwar Mashi kafin in saya, ban taɓa zaton ni ma za a lalube ni ba. Wanzami ya kafa mini ƙaho, ƙullin ko gezau.

Matata ta matsa muka je asibiti a nan Daura, suka tura mu Kano. Layin da aka nuna mana mata ne zalla. Na raɓa na zauna, sai wata nas ta ce, "Baba, 'yan rakiya a waje suke jira."

Matata ta ce, "Ni ce 'yar rakiyar."

Hular kaina na ja har hanci.

Suka ɗebi ɗan nama suka auna. Likita ya ce sunan abin limfoma, sankara ce ta ƙaluluwa da ta sauka a nono, ba irin wadda aka saba gani ba. Ya ce ba sai an yanke ba, da ƙarin ruwa ake ba da maganinta, kuma da yawa suna tashi idan an kama ta da wuri. Duk wannan daga baya matata ta maimaita mini. Ni da bokona bai wuce koyon rubuta sunana ba, "sankara" kaɗai na ji, kunnena ya toshe.

Muna dawowa na sayo likkafani, na bi unguwa ina yafe wa mutane, har waɗanda ba su san sun yi mini laifi ba. Kekena na ba ladan, rediyo na ba mai shayi. Babbar rigata ta Juma'a kuwa taubashina na ba, ɗan ƙanwar babana. Yana kuka yana gwada ta.

Matata ta ce, "Malam, likita cewa ya yi ka koma, bai ce ka mutu ba."

Na ce na gama shiri, wahalar mota ta mece ce?

Washegari na nemi likkafani na rasa.

Ta ce, "Na ɓoye. Ka je a yi maganin, in Allah Ya karɓe ka a kan haka ni zan miƙa shi da hannuna. In ka ƙi, a buhun taki za a naɗe ka."

Na san ta, za ta aikata. Tsoron buhun taki ne ya mayar da ni Kano.

Maganin bai zo da wasa ba. Na yi amai har na gaji, gemuna ya kakkaɓe, na koma kamar ƙwarya. Akwai wata baiwar Allah daga Sandamu da ake sa mana ruwa tare, kullum tana tsokanata wai in zo ta ara mini ɗankwali. Wani zuwan na tarar da wata a kujerarta. Ban tambaya ba.

Bayan watanni likita ya duba hoto ya ce ƙullin ya tafi, amma in riƙa zuwa ana dubawa.

Sai ga ni da rai, ba keke, ba rediyo, ba rigar Juma'a. Na iske taubashina yana taƙama a cikinta. Ya ce, "Kai mamaci, ba ka tafi ba? Ni fa na riga na yi kukana, kuka kuwa ba a mayar da shi."

Na koma gida ina huci. Matata ta janyo likkafanin daga cikin rumbun gero, ta kakkaɓe, ta ce, "Kai wa tela. Yadi ne mai kyau, kai ka zaɓa."

Kaftani ya fita har da wando. Shi nake sawa duk ranar komawa Kano, kuma kullum sai likita ya yaba ɗinkin. Ban gaya masa ba.