Layi Huɗun da Ba a Buga Ba

A zamanin da ake jera haruffa da hannu, akwai wani mutum a maɗaba'ar bayan tasha da kowa ke kiransa Mai Dalma. Shekara talatin da ɗaya ya yi a tsaye gaban akwatin haruffan dalma, yana tsintarsu ɗaya bayan ɗaya, har yatsunsa suka yi baƙin da ya gagari sabulu. Ƙarfe bakwai da rabi yake jingine kekensa, bai taɓa ƙara ko minti ɗaya ba.

Shi ke tsara labarin shafin yara a jaridar mako-mako, layi arba'in cif. Ba ya rubutawa a takarda, daga kansa sai dalma. Edita, wani mai tumbi da son raha, doka ɗaya ya kafa masa: kada yaro ya rufe shafin da hawaye. Saboda haka duk akuyar da ta ɓata sai ta koma gida, duk mara lafiya sai ya miƙe.

Shekarar da ƙanen Mai Dalma, direba, ya rasu a hanya, matar ƙanen ta dawo gidansa da 'yarta mai shekara takwas. Manya suka haɗa baki cewa uban ya yi doguwar tafiya. Yarinyar ta zama mai karanta masa bugun gwaji da ƙarfi. Inda harshenta ya sarƙe, sai ya sauya kalmar. Ƙaramar Edita yake kiranta. Kowace Asabar kuwa takan goge takalman ubanta, ta jera su a bakin ƙofa. Wata uku Mai Dalma yana ratse takalman nan, kansa a sunkuye.

Ran nan ya jera labarin wata yarinya da ubanta ya fita da mota bai dawo ba.

Edita ya karanta, ya cire tabarau. "Mai Dalma, jarida muke bugawa ko ta'aziyya? Ka dawo mini da uban nan a layi huɗun ƙarshe. Ka ce taya ce ta fashe, ko ma mene ne."

Mai Dalma ya jera layi huɗun da aka ce, bai rushe nasa ba. Ya buga gwajin duka biyun, ya kai gida da la'asar.

Yarinyar ta zauna a dakali ta karanta na tayar, ta karanta ɗayan. Ko sau ɗaya harshenta bai sarƙe ba.

"Baffa, wanne za a buga?"

"Ai ke ce edita."

Ta tura na tayar gefe. "Wannan irin wanda ake faɗa mini ne." Ta ɗora yatsa a kan ɗayan. "Baban nata rasuwa ya yi. Kamar nawa, ko?"

Mutumin da ya jera dubban kalmomi ya laluba, ɗaya kawai ya samu. Ya ce, "I."

Ta yi kuka sosai. Uwarta ta fito da gudu, ta dubi takardar, ta durƙusa ta rungume ta, suka yi tare.

Mai Dalma ya yi gaban kansa, nasa aka buga. Edita ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya huce. Asabar ta zagayo, yarinyar ta goge takalman, ta sa su ƙarƙashin gadonta.

Layi huɗun tayar kuwa suna nan ɗaure da zare a aljihun teburin Mai Dalma, har ranar da sababbin injuna suka zo aka kwashe dalmar duka.