Katin da Na Ara wa Tani

Shekara tara ke nan da aka rufe Tani a tsallaken rafi, a gefen gonar dawarta. Bamagujiya ce, ƙawata tun muna 'yan mata muna jan ruwa a rijiya ɗaya. Har ta koma ga Mahaliccinta, akwai mutum guda a garin nan da ba ta amsa gaisuwarsa. Yau zan faɗi dalili, domin ni ma da hannuna a ciki.

A wancan lokaci asibitin sha-ka-tafi ɗaya gare mu, a kan hanyar Makoɗa, kuma ranar Talata ake rigakafin yara. Malamin da ke ba da kati tambayarsa ɗaya ce: "Wace unguwa?" In kin ce cikin gari, ya rubuta. In kin ce tsallake, inda Maguzawa suke, sai ya ajiye biro ya ce kati ya ƙare, a dawo wani makon. Sau huɗu Tani tana barin noma tana zuwa da 'yarta Ladi a goye. A na huɗun ya dubi kafaɗarta babu mayafi ya ce, "Ku da kuke da bokayenku, me kuke nema a nan?" Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Ina zaune a cikinsu. Ban yi dariya ba, amma ban ce uffan ba, kuma shirun nan yana cina har yau.

Sai na yi wata dabara da na ɗauka taimako ce. Wadda take da kati a hannu ba ta bi ta teburin malam, kai tsaye take shiga wurin mai allura. Na ba Tani hijabina da katin 'yata Hajara, wadda ta girmi Ladi da 'yan watanni. Ta zura hijabin tana dariya, ta ce, "Yaya, yau na zama Hajiya ban hau jirgi ba." Mai allura ta duba katin, ta ɗiga wa Ladi wani abu a baki, ta ce an gama. Muka dawo muna murna mun ci galaba. Daga ni har Tani babu wadda ta iya karatu. Ba mu san katin ya nuna an riga an yi wa mai shi allurar ƙyanda ba. Hajara aka yi wa. Ladi ba a taɓa yi mata ba.

Da bazara ƙyanda ta shigo, ta kuma fi sauka a tsallake. Ladi ta tashi da ƙyar, amma idonta na hagu ya tafi.

Sai bayan shekaru, da na shiga ajin yaƙi da jahilci, na ɗauko katin nan ina gwada karatu, na ga abin da na yi. Na haye rafi ina kuka na gaya wa Tani. Tana sussuka, ba ta ko ajiye taɓarya ba, ta ce, "Ke kin ba ni abin da kike da shi. Shi kuwa ya hana ni abin da ba na ubansa ba."

Malamin yana nan da ransa. Ya yi ritaya, ya je Makka, a wurin suna ana gabatar da shi da cewa shi ya raini yaran ƙasar nan. Waɗanne yara? Ni mace ce mai sanyin magana, ban iya zagi ba, amma ban yafe masa ba, kuma ba na jin kunyar rubuta haka a jarida.

Da Tani za ta leƙo yau, za ta ga asibitin ya sha fenti, da firji mai aiki da hasken rana. Ina jin za ta tsaya ta saurari abin da ake faɗa a bakin teburi kafin ta yaba. A watan jiya na raka Ladi da jaririnta Nomau. Yarinyar da ke ba da kati, sa'ar jikata, ta ce tsallake ba ya cikin yankinsu, su je asibitin coci, wanda sai an hau babur an sauka an sake hawa. Haka aka gaya wa wata Bafulatana da ke gabanmu, ta saɓa ɗanta ta tafi.

Ladi ba ta tafi ba. Ta zauna a ƙasa a gaban teburin, ta ce, "Kuri'armu tana cikin yankinku, ɗana ne ba ya ciki?" Wannan karon na buɗe baki. Na ce ni 'yar cikin gari ce, kuma ba zan tashi ba sai an rubuta. Muka zauna har azahar. Da za a rufe, aka rubuta, aka yi wa Nomau allura, ana harararmu.

Tani ba ta bar dukiya ba, gonar ma 'yan'uwan mijinta sun raba. Abin da ta bari shi ne 'yar da ba a kora da magana. A bakin ƙofa Ladi ta miƙo mini katin ta ce, "Inna, karanta mini da ƙarfi. Ido ɗaya ya rage mini, ba zan ba su na ɗana ba." Na bi shi harafi bayan harafi. Sunan Nomau ne, unguwar tsallake.